Karen Garke Da Karen Ado: Abin Da Ya Kamata Falke Ya Sani

 Yau maganar kare za mu yi. Na san wani zai ce, me ya haɗa takardar masu shanu da kare? To, abin da ya haɗa su yana da yawa. Da wuya ka je ruga ko mashekari ganin dabba ba ka tarar da kare kwance a bakin garke ba. Sannan a 'yan shekarun nan, wasunmu sukan sauke kaya a Ikko ko Kumasi ko Kwatano, sai mai masauki ya ce in za su komo su taho masa da karen Buzaye. Wasu kuma 'ya'yansu ne ke matsa musu a sayo karen Turawa don gadin gida da turken kiwo, kuma wani kwikwiyon kuɗinsa ya kai na ɗan bijimi. Mutumin da ba ya sayen sa sai ya duba haƙori da kofato, bai kamata ya zuba kuɗi a dabbar da bai san kanta ba. Ga kuma cuta, wadda ita ce babbar magana, za mu zo kanta.

Yadda kare ya zama iri-iri

Kamar yadda muke da Bunaji da Rahaji da Gudali da Azawak da Kuri, kowanne da ƙasarsa da amfaninsa, haka Turawa suka rarraba karnukansu. Bambancin shi ne su suna rubuta asali, uwa da uba da kakanni, a littafi. An yi gasar nuna karnuka ta farko a garin Niyukasil na Ingila a 1859, aka kafa ƙungiyar masu kare ta Ingila a 1873. Ta duniya kuwa, wadda ake kira FCI, an kafa ta a 1911, ofishinta yana ƙasar Beljiyam, kuma irin karen da ta yarda da su sun haura 350. Abin lura shi ne kusan kowane iri don wani aiki aka fitar da shi tun farko: wani kora, wani gadi, wani farauta, wani kuwa zama kan cinya kawai. In ka san aikin da aka yi kare dominsa, ka san halinsa, ka kuma san ko zai yi maka amfani ko kuwa wahala ka sayo.

Karen fatake na ƙasar Jamus

Mu fara da wanda sana'armu ta haifa. Akwai wani gari a kudancin Jamus mai suna Rotwail, wanda a zamanin da babbar kasuwar shanu ce. Mahautan garin da fatakensa suna da wani baƙin kare mai ja-ja a baki da ƙafafu, ƙaƙƙarfa, mai faɗin ƙirji. Shi ke taya su koro shanu daga ƙauyuka zuwa kara, shi ke jan 'yar amalanken nama, shi ke gadin zango da dare. Har ana ba da labarin cewa falke yakan ɗaura jakar kuɗinsa a wuyan karen in zai ratsa daji, don ɗan fashi ya fi tsoron haƙori da sanda. Wannan shi ne Rotwaila. Da jirgin ƙasa ya zo a ƙarni na 19 aka daina koro da ƙafa, sai karen ya rasa aiki har ya kusa ƙarewa. Abin da ya cece shi shi ne 'yan sanda, waɗanda suka ɗauke shi aiki a farkon ƙarni na 20. Dattawanmu da suka ga yadda jirgi da tirela suka rage aikin 'yan koro za su gane wannan labari.

Masu son Rotwaila suna sonsa ne don natsuwa da kwarjini. Ba ya yawan haushin banza, amma in ya tsaya a ƙofa baƙo ba ya wucewa. Namijinsa yakan kai kilo 50. Sai dai kare ne da in bai sami horo tun yana ƙarami ba, ko aka ɗaure shi dare da rana, yakan zama bala'i ga yaran gida da maƙwabta.

Masu kora da masu gadi

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, don karen kora dabam, karen gadi dabam. A Ostireliya, inda gonar shanu guda takan yi faɗin wata gunduma tamu, wani makiyayi mai suna Tomas Hol ya haɗa karnukan kora na Ingila da karen dajin ƙasar, dingo, wajen shekarun 1840. Daga nan aka sami wani gajeren kare mai ruwan toka, wanda bai fi kilo 20 da 'yan kai ba. Aikinsa shi ne ya ciji dunduniyar saniya ya kwanta ƙasa kafin ta yi harbi. Yana da jimirin rana da tafiya, ga tsawon rai: wata daga cikinsu mai suna Buluwi ta yi shekara 29 da wata 5 kafin ta mutu a 1939. Irin wannan aiki ne kuma na Kogi, ɗan guntun karen ƙasar Wales, wanda gajartarsa ke sa harbin saniya ya wuce ta bisa kansa. Shi ne Sarauniya Elizabet ta Ingila ta riƙa kiwo har rasuwarta a 2022.

Na tumaki kuwa, babu kamar Boda Koli, na iyakar Ingila da Sikotland. Shi da ido yake aiki. Yakan duƙa ya zura wa tumaki ido, makiyayi na nesa yana yi masa fito, shi kuma yana juya garke dama da hagu. Wayonsa ne ke jan mutane. An yi wata karya irinsu a Amurka mai suna Cesa, wadda ta haddace sunayen kayan wasa 1,022, kowanne aka kira sai ta ɗauko shi. Ta mutu a 2019.

To, amma tambaya ita ce, waɗannan za su yi aiki a shanunmu? Ni a ganina a'a. Shanun Turawa kora suka sani, a bayansu ake tsayawa. Namu kuwa kira suka sani. Bafulatani yana gaba da sandarsa a kafaɗa, shanu na biye da muryarsa, kowace saniya da sunanta. Ka saki kare ya ciji dunduniyar Rahaji mai ɗan maraƙi, ba gudu za ta yi ba, juyowa za ta yi da ƙaho. Ko dai karen ya mutu, ko garke ya watse cikin gonar mutane a jawo maka biyan ɓarna. Kuma dabbar kasuwa da aka firgita tana zubar da nama a hanya.

Karen gadi shi ne ya yi kusa da bukatarmu. Misalinsa Kangal na ƙasar Turkiyya, ƙato mai launin ƙasa da baƙin baki, wanda ake kiwo don kare tumaki daga kyarkeci. Ba ya kora, ba ya bin dabba da gudu, cikin garke yake kwana kamar ɗaya daga cikinsu. A 1994 wata ƙungiyar kare namun daji a Namibiya ta fara raba wa makiyaya irin waɗannan karnuka na Turkiyya, don su daina harbe rabbi da ke ɗauke musu awaki, kuma makiyayan sun shaida asararsu ta ragu ƙwarai. Dabararsu ita ce abin koyi. Ana kai kwikwiyo cikin garke tun yana da kamar mako 8, ya tashi da warin dabbobin, ba a barin yara su mai da shi abin wasa. Wanda ya tashi a tsakar gida, gida zai tsare, ba garke ba. Wannan dabara ba ta bukatar karen Turkiyya. Da namu ma tana ci.

Waɗanda 'yan birni ke yayi

Karen da muke ce wa karen 'yan sanda shi ne Alsashiyan. Wani hafsan sojan doki na Jamus, Maks fon Sitefanis, ya kafa irinsa a 1899 daga karnukan makiyayan tumaki. Ana sonsa don biyayya da saurin ɗaukar horo da ƙarfin hanci, shi ya sa duwan da jandarma na ƙasashe da yawa ke aiki da shi wajen shinshino ƙwaya da makamai. Amma yana da rauni biyu. Ɗaya ciwon ƙugu da yake gado, ɗaya kuma cutar da kaska ke sa wa, wadda ta fi yi masa illa bisa sauran karnuka. Sojojin Amurka sun yi asarar irinsa da yawa ta wannan cuta a yaƙin Biyetnam. Mu kuwa kaska abokiyar zamanmu ce.

Akwai Burbul na manoman Afirka ta Kudu, wanda yakan haura kilo 60, har ƙasar Denmak ta hana kiwonsa a 2010. Akwai kuma wani jibgegen mai gashi kamar tunkiya da ake kawowa daga duwatsun Kokeshiya, inda ƙanƙara ke zuba. Jama'a, kare ba ya gumi a jiki kamar doki, da lallage harshe yake fitar da zafi. Ka ɗauko mai bargon gashi ka ajiye shi a Tawa ko Damagaram a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai awo 45, wannan azaba ce ka ba shi. Kuma irin waɗannan ƙatti kowannensu yakan ci rabin kilo ko fiye na abincin buhu a yini, ban da allura da magani. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A Amurka, karen da ya fi farin jini shekara 31 a jere, daga 1991 zuwa 2021, shi ne Labrado. Asalinsa karen masunta ne, yana son ruwa, yana da sanyin hali da yara, shi ya sa ake horar da shi jagorar makafi. Amma gadi ba nasa ba ne, don ɓarawo ma kaɗa masa wutsiya zai yi. A 2022 wani ɗan ƙarami mai murtukakkiyar fuska da kunnuwa a tsaye, Buldog na Faransa, ya karɓe masa wuri. Dalili shi ne mutanen birni na zaune a ƙananan ɗakunan bene, suna son wanda ba ya bukatar fili kuma ba ya yawan haushi. Sai dai gajeren hancinsa yana hana shi numfashi sosai, zafi kaɗan yake kashe shi, kuma yawancin matan sai an yi musu fiɗa suke haihuwa. Wannan dai ado ne, kamar mai sayen rago don kyan ƙaho ba don nama ba.

Namu na gida da Turawa ke nema

Yanzu mu zo kan wanda ake aikenmu. Kwarin Azawak, wanda ya taso daga arewacin Tawa, wajajen Abalak da Cintabaradan, ya shiga Mali ta Menaka, shi ya ba shanun Azawak sunansu, kuma shi ya ba wannan kare nasa. Buzaye na ce masa oska. Ana samunsa wajen Fulani ma, har arewacin Burkina Faso. Dogo ne siriri, tsayin namiji daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 64 zuwa 74, amma nauyinsa kilo 20 zuwa 25 ne kawai. Ƙafafunsa dogaye, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, fata sirara, gashi gajere. Yawanci ja ne ko launin rairayi, da fari a ƙafafu da ƙirji da bakin wutsiya. Wanda bai san shi ba in ya ga haƙarƙari a waje sai ya ce yunwa ce, alhali ƙirarsa ke nan. Da ido yake farauta ba da hanci ba, gudunsa yakan kai kilomita 60 a awa, yana kama zomo da barewa. Da dare kuma shi ke tsaron zango, ya kori dila, su taru su yi wa kura ca.

A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, ta hannun wani jami'in jakadancin Yugoslabiya da kuma Faransawan da suka yi aiki a yankin. FCI ta yi masa rajista a farkon shekarun 1980, babbar ƙungiyar masu kare ta Amurka kuma ta karɓe shi cikakke a 2019. Abin da ke burge su shi ne tafiyarsa kamar ta barewa, da kuma halinsa: mutum ɗaya ko gida ɗaya yake ba amana, baƙo kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Ga shi ba ya cin da yawa, don da gero da nono ya saba. Duk abin da ake nema a karen garke a ƙasar zafi yana da shi, kuma yana ƙofarmu.

Amma ku sani, ƙarfinsa na ƙasarsa ne. Ba ya son ruwan sama da sanyi. Kamar yadda Azawak da Rahaji ke ramewa in sun daɗe a kurmi, haka tsando ke sa wa kare sammore, ido ya yi fari, jiki ya zube, ya mutu. Wanda ya ce ka kawo masa, gaya masa wannan tun kafin ka ɗauko, kada daga baya ya ce mara lafiya ka kawo.

Abin da malamai suka ce

Tun muna Islamiyya an karantar da mu cewa shari'a ta yi izinin ajiye kare don kiwo da farauta da gadin shuka, kuma hadisi ya nuna wanda ya ajiye shi ba don irin wannan bukata ba, ladansa na raguwa kullum. Malamai na baya sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan in akwai tsoron ɓarayi. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Maganar ciniki ita ce ta fi shafarmu. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo hanin sayar da kare, ta kuma ambaci saɓani game da wanda aka yi izinin ajiyewa, har ta ce wanda ya kashe irin wannan sai ya biya ƙimarsa. Sahnun yana cikin waɗanda suka halatta sayar da na aikin. Don haka wanda aka yi wa tayin kuɗi a kan kare, ya je ya zauna da malaminsa tukuna. Abin da babu saɓani a kansa shi ne tausayi, don mun san labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Babbar magana: cuta

Ciwon haukan kare, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Sharrinsa shi ne yana ɓoyewa. Daga cizo zuwa bayyanar ciwo yakan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ke nan kwikwiyon da ka saka a tirela lafiya lau yana iya zama yana ɗauke da shi. A birnin Njamena an yi wa karnuka allurar gama-gari a 2012 da 2013, aka yi wa fiye da kashi 70 cikin 100, ciwon ya ɗauke na wani lokaci, daga baya karnukan da aka shigo da su daga waje suka komo da shi. To, wa ke yawo tsakanin gari da gari, ƙasa da ƙasa, kamar mu?

Kuma shanu ma suna kamuwa. Saniyar da mahaukacin kare ya ciza takan riƙa kuka da dusasshiyar murya, yawu na zuba, ta kasa haɗiya kamar wani abu ya maƙale mata. Nan ne yaro zai zura hannu a bakinta neman ƙwallon mangwaro, in da rauni a hannunsa shi ke nan. Ku gargaɗi yaranku. A ware ta, a kira malamin dabbobi, kada a yi gaggawar kai ta wa mahauci.

In kare ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti ranar nan don allura. Ba a jiran ganin alama, don in alama ta fito babu sauran magani, na asibiti ko na gida. Kwikwiyo kuma a yi masa allurar rigakafi yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya rubuta, a ajiye katin tare da takardun shanu, don ana iya tambayarsa a bakin iyaka. Wanda ya ce Turai zai kai kare, ya sani sai an dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an yi allura, an auna jini, an jira wata 3. Amurka kuma tun watan Agusta 2024 ba ta karɓar karen da bai kai wata 6 ba.

Cuta ta biyu daga mahauta take. Hanta ko huhun da ka ga ƙulli-ƙulli masu ruwa a jiki, kada a jefa wa kare. In ya ci, tsutsa ce ke girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashi ya zuba a ciyawa da mashaya, shanu su ci su kamu, mutum ma ya kamu har sai an yi masa fiɗa. A binne irin wannan nama da zurfi ko a ƙone shi, a riƙa ba kare maganin tsutsa duk bayan wata 3.

Sai kuma maganin shanu da muke ɗura wa kare don yana kusa da hannu. Allurar aibamektin da muke yi wa shanu ta kaska da tsutsa tana iya kashe karnukan Koli da danginsu. Ruwan feshin kaska a ƙarfin da ake dama wa sa, guba ne ga ɗan kwikwiyo. Haka ƙwayoyin ciwon jiki na mutane, haka yawan albasa a sauran abinci. A tambayi likita kafin a ba shi komai.

Shawarata ga 'yan ƙungiya ita ce, mai son kare don garke ko turke ya nemi kwikwiyon gida daga rugar da ya san uwarsa, ya ga tana gadi kuma ba ta cizon yara. Ya tashe shi cikin dabbobi, ya yi masa allura, ya ba shi ruwa da inuwa. Wanda aka roƙa ya ƙetara iyaka da kare, kada ya karɓi wanda ba shi da katin allura, kada kuma ya ɗauki na kan hanya don ya ga yana da kyau. In ya ɗauko, ya sa shi a akwati mai iska a inuwa, ba ƙarƙashin ƙafafun shanu ba, ya riƙa ba shi ruwa a kowane zango. Ina kuma roƙon shugabanninmu na kowace kara su haɗa kai da malaman dabbobi, ranar da ake allurar shanu a riƙa yi wa karnukan kara da na mahauta tasu.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya kai mu kasuwa lafiya ya komo da mu lafiya, ya sa albarka a cinikinmu, amin.